Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Yankin Arewa a Garwa kan Kuɗin Bututun Mai



Kamaru ta soma haƙo ɗanyen mai a 1977 a gaɓar Rio del Rey, zamanin mulkin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, wanda ya kafa kamfanin mai na ƙasa, SNH, a 1980, amma ya riƙa tara kaso mai tsoka na kuɗin a wani asusu da ba ya cikin kasafi, wato wanda majalisar dokoki ba ta da ikon bin diddiginsa. Tun daga lokacin talakan Arewa ya saba jin labarin mai daga nesa.

Alhali kuwa man Cadi na bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Bututun da ya taso daga Doba a Cadi zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, ya ratsa ƙasar Mayo-Rey ne kafin ya gangara kudu, kuma Kamaru na karɓar kuɗin wucewa, wato ladan da ake biyanta kan kowace gangar da ta bi ta ƙasarta, wanda aka ɗaga daga senti 41 zuwa dala 1.30 a 2013. Ya kamata Majalisar Yankin Arewa ta nemi Yawunde ta bayyana a rubuce abin da ake samu duk shekara, sannan ta nemi a yanka wa ƙananan hukumomin da bututun ya ratsa wani kaso da doka ta ƙayyade, musamman ma da yake dokar raba iko ta 2019 ta ce abin da za a ware wa yankuna da ƙananan hukumomi bai kamata ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne fetur. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a Mayun 2019, ƙasar na sayo tataccen mai daga waje, a ɗauko shi daga Duala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda dogo ya ƙare, sannan tankoki su gangaro dutse da shi zuwa Garwa. Ɗan acaɓa dai ba ya jiran wannan doguwar tafiya, domin a bakin titi yake tsayawa inda aka jera kwalabe a kan benci, a tsiyaya masa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi cikin jarkoki ta ɓarauniyar hanya. Da Shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kwalbar ta yi tsada, ga shi gwamnatin Kamaru ta ɗaga lita a gidajen mai daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kuma kai ta 840 bayan shekara guda.

Ƙwace jarkokin 'yan bumburutu ba zai sauke wannan farashi ba, sai dai ya ƙara wa masu karɓar na goro ciniki. Hulɗar waje hurumin Yawunde ne, amma babu abin da ya hana majalisa miƙa shawarar a ƙulla yarjejeniyar shigo da mai daga Najeriya bisa ƙa'ida ta ɓangaren Yola, a biya kwastan, a kuma ba masu sana'ar lasisi. Ƙasashen biyu sun warware rikicin Bakassi da yarjejeniyar Greentree a 2006, kuma Kamaru na sanar da Najeriya kafin a saki ruwan madatsar Lagdo, don haka teburin da za a zauna a kai ya riga ya samu.