A Bar Yara Su Yi Zane Da Abin Da Ke Garinsu

A cikin darussan da a ke koya mana mu koyar, babu wanda a ka raina kamar zane. In sa'ar lissafi ta zo kowane malami ya kan shiga taitayinsa, amma in ta zane ce, abin da a kan yi a ƙananan azuzuwa bai wuce ɗayan biyu ba. Ko a ba yara tsintsiya su share fili, ko kuwa malam ya zana kofi a babban allo, ya ce kowa ya kwaikwaya, shi kuwa ya koma bakin ƙofa yana duba littattafan wani aji. Yaro ɗan shekara shida ya yi ta fama da hannun kofi har a kaɗa ƙararrawa. Wanda nasa ya yi kama da na malam a yaba masa, wanda nasa ya karkace a ce ba shi da hannu. Yaro kuwa ba ya musu da malami. Ya gaskata ke nan, ba shi ƙara kusantar zane har ya tsufa.

In an tambayi dalili, amsa guda ce, wai babu kaya. Ba mu ce ƙarya ba ne. A gari kamar Toranke, a ƙasar Ajingi, gabas da birnin Kano, uban da ya sayi littafin rubutu da ƙyar ba zai so ya ga an cika shi da hotunan kofi ba, fensir mai launi kuwa sai 'ya'yan masu hali. Amma mu a ganinmu wannan hanzari bai isa ba, gama da sandar da ke hannu a ke jifa, kuma abin da ke hannun yaran ƙauye ba kaɗan ba ne.

Mu tuna inda yaron nan ya fito kafin ya zo ajinmu. Mafi yawanmu mun zauna gaban alaramma, mun san yadda a ke. Almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa da kansa, ya tsaga bakinsa daidai yadda zai sha tawada. Shi ke niƙa gawayi, ya jiƙa ƙaro ya haɗa. Shi ke wanke allonsa, ya shanya, ya sake rubutu. Ran da wani yayansa ya yi sauka, ya ga allon zayyana da idonsa, an ja layuka an gitta su, an cike gidaje da ja da rawaya da kore, babu gefen da ya fi wani. Wannan fa zane ne, na gaske kuwa. Ashe ba abin kunya ba ne yaron da ya san haɗa tawada tun bai yi famfara ba, ya zo wurinmu mu ce masa ba za a yi zane ba don ba a aiko da kaya daga birni ba?

To, ga yadda mu ke ganin ya kamata a fara da 'yan aji ɗaya. A fitar da su inuwa, kowa ya share gabansa ya baje yashi, ya ɗauki tsinke. Malam kada ya zana kome tukuna. Ya kawo faifai, ko ƙwarya mai zane, ko hular da a ka yi wa aiki, a miƙa hannu da hannu, ya tambaye su me su ka gani yana ta maimaituwa. Wani zai ce ƙugiya, wani ya ce tsani, wani ya ce sawun kaza. Sa'an nan kowa ya ɗauki guda ya jera ta daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya ɓata ya shafe da tafin hannu ya sake, babu asara, babu kuka. Yashi ya fi takarda a nan, domin yaron da ya san takardarsa guda ce tak, tsoro ke riƙe masa hannu.

Waɗanda ke ganin wannan wasa ne kawai su lura da abu guda. Wata malama a Ingila, Marion Richardson, ta fitar da littattafai a 1935 inda ta gina koyon rubutu bisa irin wannan jeren zane, watau yaro ya saba da lanƙwasa da zagaye da hawa da sauka kafin a ce ya yi baƙi. Mu namu yaran ma sun fi bukata, da ya ke da safe su kan ja alƙalami daga dama zuwa hagu, da hantsi kuma mu ce su juya. Hannun da ya saba jan layi ta kowace fuska ba ya rikicewa.

In kaka ta yi, kaya sun samu. Karan dawa na nan jibge a kowace gona. Ba mu ne za mu koya wa yaran ƙauye yin motar kara ba, sun fi mu iyawa: su ɓare ɓawon, su yanka totuwar, su soka wannan cikin wancan, sai ga mota da ƙafafunta, ko tabarau, ko keji. Aikin malami shi ne ya shigo da wannan gwaninta cikin makaranta, ya ƙara mata nauyi kaɗan. Ya ce yau rumbu za a yi, amma ya tsaya da ƙafafunsa. Gobe gada, wadda za ta ɗauki dutse ba ta karye ba. Nan yaro zai gane da kansa cewa kusurwa uku ta fi kusurwa huɗu ƙarfi, tun ba a gaya masa sunan abin ba. Da damina kuma ga yumɓu a bakin kududdufi, a yi ƙananan tukwane da kasko da murhu, a kwaɓa tubali a gina gida da zaure da zankwaye. Launi ma ba sai an saya ba. Ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga gawayi, ga shuni, ga karan dafi da dukawa ke rina fata ja da shi. A sa ɗan ƙaro don ya kama, a tauna bakin tsinken ice ya yi laushi a shafa da shi, bayan kwali ko tsohon buhun siminti ya zama takarda.

Akwai wata magana da ba ta kamata mu tsallake ba, don iyaye za su tashe ta ko mun yi shiru. Wani uba zai zo ya ce bai kawo ɗansa a koya masa yin gumaka ba. Kada malami ya yi masa dariya, ko ya ɗauke shi jahili, gama maganarsa tana da tushe. Malaman mazhabar Malikiyya sun hana a sassaƙa ko a gina cikakkiyar surar abu mai rai wadda ke da inuwa, ko da ya ke sun yi rangwame ga 'yar tsanar 'yan mata, itace da gida da jirgi kuwa ba su hana ba. Fili ke nan mai faɗi ƙwarai. Malamin da ya tsaya kan zayyana da tsire-tsire da kayan gida da gine-gine zai shekara uku bai ƙure ba. Hikima ita ce tun farkon shekara ya je ya gai da limamin gari, ya nuna masa abin da ya ke nufin yi. In liman ya ce babu laifi, magana ta ƙare a bakin kowa.

Abin da mu ke faɗi ba sabo ba ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda a ke koyar da aikin fata da ƙira da sassaƙa. A kudu kuma, Kenneth Murray, wanda ya zo koyar da zane a 1927, ya nace almajiransa su zana abin da ke garuruwansu, su bar kwaikwayon hotunan Turai, cikinsu kuwa har da Ben Enwonwu, wanda sunansa ya kai ko'ina. Ladi Kwali, wadda a ka sa hotonta a takardar naira ashirin, a ƙauyensu ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga wurin koyon tukwane na Abuja a 1954. Mutanen wajen Gaya ma su ne bai kamata a tuna musu darajar aikin hannu ba, tun da labarin kaka da kakanni ya ce Abagayawa, maƙeran da su ka zauna gindin Dala neman tama, daga Gaya su ka taso.

Wahala guda mun yarda da ita. Aji mai yara sittin ko fi, in an ba su laka, sai wanda ya gani. Riguna za su ɓaci, uwaye za su yi faɗa, wani zai jefi wani. Maganinsa a raba su ƙungiya ƙungiya, kowace da babba, a ajiye tulun ruwa kusa, a sa darasin a sa'ar ƙarshe. Batun maki kuwa, mu dai ba mu ga amfanin a rubuta uku bisa goma a kan zanen ɗan shekara shida ba. A jera aikin kowa a gindin bango, a kira mai shi ya faɗi abin da ya yi. Sau da yawa abin da malam ya ɗauka ɓata ne, in yaro ya buɗe baki sai a ji ashe kasuwa ce ya zana, da rumfuna da jakuna da mai fura a gefe.

Muna da roƙo ga malamanmu na kwaleji. Ana koya mana tsara darasi a takarda, amma da yawa cikinmu an rabu da laka tun muna ƙanana, ba za mu iya ɗaga bakin tukunya ba ta rushe ba. A gayyato mana maginiyar tukwane, da mai zayyana, da mai zanen ƙwarya, ko da yini guda guda ne a zango, a biya su ladansu kamar yadda a ke biyan kowane malami, mu zauna a ƙasa gabansu mu koya kafin a rarraba mu ƙauyuka.