Katangar Bill da ƙauyukan Kurfi

A ranar 29 ga Janairun 2023 tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na uku na shirin The Last of Us, sai ga muhawara ta ɓarke tsakanin masu kallo. Ga wanda bai san shirin ba, labari ne na duniyar da wata annoba ta ruguza, wanda ya tsira kuma sai ta kansa yake yi. A wannan kashi an jingine jaruman labarin, aka koma kan wani mutum mai suna Bill, wanda ya kewaye garinsu da waya da tarkuna ya zauna shi kaɗai, har wani baƙo, Frank, ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan da ya haƙa. Suka shafe kusan shekara 16 a matsayin masoya, daga ƙarshe suka kashe kansu a dare ɗaya.

Masu sharhi sun yi ta yabo, Nick Offerman da ya fito a matsayin Bill har ya samu kyautar Emmy. Wasu masu kallo kuwa suka yi dafifi a shafukan IMDb da Metacritic suna zabga wa kashin maki mafi ƙanƙanta. Daga cikinsu akwai waɗanda suka fito fili suka ce soyayyar maza biyu ce ba sa so, akwai kuma masu cewa duniyar da ake gudun ceton rai ba wurin kaɗa fiyano da shirya liyafa ba ce.

A nan Arewa, batu na farko ba shi da wani dogon zance ga akasarin jama'a. Matsayin addini sananne ne, kuma dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14. Sai dai hannun hukuma yana da iyaka. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta iya dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, amma ina ikonta kan abin da yaro ke saukewa a wayarsa?

Batu na biyu ne ya fi jan hankalina, domin mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun san gudun ceton rai a zahiri, ba a allon talabijin ba. Idan mai karatu bai manta ba, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, bayan an hana sayar da fetur a jarka. A Oktoban 2023 kuma 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidajen da suke zaune a cikin gari.

Wanda ya rayu cikin wannan hali zai gaya maka cewa masu ganin bala'i na kore shaƙuwa daga zukata ba su san bala'i ba. A ƙauyukan da ake kwana da ido ɗaya ba a daina ɗaurin aure ba, ba a daina suna ba. Abin da bai kama hankali ba a labarin Bill shi ne kaɗaicin: mutum guda da bindigoginsa da janaretonsa ya riƙe gari shekara 20. Wannan tsohon mafarkin Ba'amurke ne, kuma a nan wanda ya tara bindigogi shi ne wanda ake gudu. Mu abin da ya riƙe mutane shi ne karo-karon kuɗin fansa, da 'yan sa-kai, da ɗan'uwa a birnin Katsina da ya buɗe zaurensa ga iyali guda da suka taho da tabarma kawai.

To, ina wannan labari a fina-finanmu? Kannywood ta fi shekara 30 tana aiki, amma ba kasafai za ka ga kyamararta ta bi manomin da ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya girbe geronsa ba, ko uwar da ta sayar da gonar gado don a sako ɗanta daga dajin Rugu.