Mai Hoto a Malaka Bai San Hanyar Sifawa Ba

A unguwar Khao San ta birnin Bankok, matasan Turai ne ke kai da kawowa, kowa da jaka goye a baya. Suna kwana a ɗakuna masu araha, direban Keke Napep ya ninka musu kuɗi, wani ya ɓatar da fasfo, wani abincin bakin titi ya ɓata masa ciki. Duk da haka ba sa fasawa, domin wurin da suka zo gani an gyara shi, an rubuta tarihinsa, an tanadi mai bayani.

'Yan bokon ƙasar Hausa ma sun shiga wannan sahu. Suna jure wulaƙancin neman biza, kuma lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe ƙofarta ga 'yan Nijeriya daga 2022 zuwa 2024, an yi ta kuka kamar an yi rashi. Wanda ya je Malesiya ba ya dawowa sai da hotonsa a gaban A Famosa da ke Malaka, ƙofar da ta rage daga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1511. Ƙofa ɗaya ce tak, amma tana cikin birnin da UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 2008.

A tambayi mai wannan hoton ina Sifawa take, sai ya yi shiru. Alhali garin yana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, tafiyar da ba ta kai sa'a guda daga Sakkwato ba. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna tun wajen 1810 har zuwa 1815, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. A zamanin zaman Sifawa ne aka raba kula da daular: gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Gaba kaɗan a kan hanyar Tambuwal akwai Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, malamin makarantar da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma a can aka binne shi a watan Disamba na 2018. Tarihin ƙarni biyu ke nan a kan titi ɗaya. Heinrich Barth ya ratsa Sahara ya bi hanyar Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, ya rubuta abin da ya gani. Jikokin masu ƙasar kuwa wucewa suke yi da gudu, gilashin mota a rufe.

Za a ce ai rashin tsaro ne. Gaskiya ne 'yan bindiga sun addabi sassan jihar, kuma ba mai hankalin da zai tura baƙo inda ba a tabbatar da lafiyar hanya ba. Sai dai sakacin ya girmi ta'addancin. A shekarun da ake tafiyar dare lafiya lau, makarantu nawa ne suka kai ɗalibansu Sifawa? Wasu kuma za su ce waɗannan wuraren ziyara ne, bai dace a mayar da su dandalin shaƙatawa ba. Hubbaren Shehu ya isa amsa: jama'a na zuwa daga nesa, kuma martabarsa ba ta ragu ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin rakiyar tawaga ɗaya zuwa Dubai ba: alluna masu bayani da Hausa da ajami da Turanci, matasan gari da aka horar su yi wa baƙi jagora, makewayi mai tsabta, da ɗan littafin da masanan Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu za su tantance. Wannan aikin gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomin biyu. Amma gwamnati ba ta gyara wurin da masu faɗa a ji ba sa takawa. Likita ko lauyan da ya iya tanadin kuɗin jirgi zuwa Kuwala Lamfur ya iya cika tanki ya kai 'ya'yansa Sifawa ranar Asabar. Idan bai yi ba, yaran za su girma suna haddace shekarar da Fotugal ta ci Malaka, ba su san garin da aka tsara mulkin daularsu ba.