Kafin Dutse Ta Bi Sawun Kano

Ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni su cire hannu. Mutane sun yi murna, kuma sun yi gaskiya, ko da yake a watannin da suka biyo baya aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Amma akwai wata tambaya da murnar ta danne, wadda nake so mu ɗalibai da 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata mu tsaya mu duba. In kuɗin nan ya shiga hannun ciyamomi, kowa da nasa asusun, wa zai yi aikin da ya ratsa iyakar ƙananan hukumomi biyu ko uku? Wa zai yashe lambatun da ya taso daga ƙasar wannan ya zuba a ƙasar wancan?

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ayyuka sanannu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, gidajen bahaya na jama'a, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ta kuma sa hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya da noma. A karkara wannan tsari yana iya tafiya, domin tsakanin wannan gari da wancan akwai gonaki da daji, kowa ya san inda ikonsa ya tsaya. A babban birni kuwa abin ya sha bamban. Iyaka takan bi ta tsakiyar titi, gidan da ke hannun dama na wannan ciyaman ne, na hannun hagu na wancan, alhali kuwa kwata guda suke zuba ruwa, juji guda suke kai shara, sauro guda ke cizon 'ya'yansu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga Kano nan kusa da mu, wadda har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 ita ce babban birnin jiharmu. Lokacin da gwamnatin soja ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul a 1976, tsohuwar Jihar Kano ta sami ƙananan hukumomi ashirin, Dutse da Birnin Kudu da Jahun suna cikinsu, kuma hukuma ɗaya ce ke riƙe da cikin birni da Waje. Daga nan aka yi ta yanka, a 1989 da 1991 da 1996, har ƙasar nan ta kai ƙananan hukumomi 774, Kano ta tashi da 44, Jigawa da 27. Yau idan aka ce birnin Kano da kewayensa, ana nufin ƙananan hukumomi takwas ke nan: ta Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ciyamomi takwas, majalisu takwas, sassan ayyuka takwas, gari guda.

A duba Jakara. Wannan rafi ya taso daga cikin birni, ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ya kwashi ruwan kwatocin unguwanni da na mahauta, can gaba ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya nufi madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, ana ban ruwan lambuna da shi a hanya. Ledar da aka jefa a wata unguwa ta Dala tana iya toshe kwalbati a Fagge, kuma mutumin da ruwa ya shiga ɗakinsa ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kansilan unguwar da ledar ta fito. Kansilan da abin ya faro a mazaɓarsa ba ya jin zafi, wanda ke jin zafin ba shi da iko a kan mafarin. To, ina za a kai kuka?

Da yake aikin ya fi ƙarfin kowace ɗaya, su kuma ba su haɗa kai sun yi shi tare ba, sai gwamnatin jiha ta shigo. Tsara gari ya daɗe a hannun hukuma ta musamman, tun zamanin da aka ɗauko Bature mai suna Trevallion ya zana shirin raya birnin na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, har zuwa hukumar KNUPDA ta yau. Kwashe shara, wanda tsarin mulki ya rubuta ƙarara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ya koma hannun hukumar REMASAB. Ba na ganin laifin jiha da ta ɗauki aikin da aka bari a ƙasa, gama ba a zura wa juji ido har ya rufe hanya don kawai takarda ta ce na wani ne. Abin da ke damuna shi ne abin da wannan ya jawo. Talaka ya san kansilansa, ya san gidansa, yana iya tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba. Shugaban hukumar jiha kuwa gwamna ne ya naɗa shi, gwamna ne zai cire shi, kuma mutumin Kurna ko na Sheka bai san ko kamanninsa ba. Ƙaramar hukuma da aka kafa don mulki ya matso kusa da jama'a sai ta zama wurin biyan albashi da yanka rasit a kasuwa.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce ina ruwan Dutse da wannan magana, tun da birnin duka yana cikin ƙaramar hukuma ɗaya? Lalle haka ne a yau, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin yanzu ne lokacin magana. Wanda ya san Dutse a 1991 ba zai gane ta ba a yau. An buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, an gina filin jirgin sama, ga Asibitin Rasheed Shekoni, ga sakatariyoyi, ga unguwanni irin su Takur da Gida Dubu da Danmasara suna ta cika suna batsewa. Gari yana bin titi, titin kuwa ya nufi Shuwarin, inda hanyar Dutse ta haɗu da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Shuwarin kuma a ƙaramar hukumar Kiyawa take. Kasuwarta ita ke ciyar da gidaje da yawa na Dutse, motocin da ke shiga babban birnin jiha nan suke karyo kwana, ma'aikacin da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa can yake neman fili. Harajin kasuwa na Kiyawa ne, masu saye da yawa na Dutse ne, shara da cunkoso da hatsarin mota kuwa na kowa ne. Jakarar Dutse ke nan tana tasowa, tun ba ta yi suna ba.

Haka maganar ruwan sha. Gari ne a kan duwatsu, ruwan ƙasa yana da wuyar samu a wurare da dama, shi ya sa 'yan garuwa ba sa rasa ciniki, shi ya sa kuma aka daɗe ana maganar jawo ruwa daga Sintilmawa ta ƙasar Ringim. Bututun da zai yi wannan tafiya zai ratsa ƙauyukan da ba na Dutse ba, kuma ba adalci ba ne ruwa ya wuce ta ƙarƙashin gonar mutum zuwa birni shi yana shan na gulbi. Cuta ita ma ba ta tambayar iyaka. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta yi wa jihar nan ɓarna, ambaliyar 2022 ta cinye gidaje da gonaki a ƙananan hukumomi da dama, kuma duk wanda ya rasa matsuguni ko ya rasa magani a Miga ko Jahun, inda yake fara tunanin nufa shi ne babban gari.

Wani abin sha'awa shi ne Jigawa ta taɓa gwada tattara ƙananan hukumomi don aiki guda. A 2007 aka yi dokar tsarin Gunduma na kiwon lafiya, aka kasa ƙananan hukumomi 27 zuwa gundumomi tara, kowace gunduma tana kula da ƙananan asibitoci da manya na yankinta a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Daga baya aka rushe tsarin aka maye gurbinsa da hukumar kiwon lafiya a matakin farko. Ko me mutum zai ce game da shi, ya nuna cewa ana iya ɗaukar ƙananan hukumomi biyu ko uku ko huɗu a ce ga aikinku tare. Rauninsa a ganina shi ne daga sama aka saukar da shi, don haka daga sama aka ɗauke shi, ba tare da majalisun ƙananan hukumomin suna da ta cewa ba.

Irin haɗin da nake nufi shi ne wanda majalisun da kansu za su ƙulla. An yi mai kama da shi a Landan. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe babbar majalisar birnin, aka bar gundumomi 32 da tsohon cikin gari kowa da ikonsa, har zuwa 2000 da aka kafa sabuwar hukuma mai magajin gari. Amma ko a tsakanin nan ba a bar shara ta zama marainiya ba. A arewacin birnin gundumomi bakwai aka haɗa cikin hukumar zubar da shara guda, kowace gunduma ta tura kansiloli biyu su zauna a cikinta, kowace ta biya kasonta na kuɗin aikin. Kwasowa daga ƙofar gida aikin gunduma ne, inda za a kai ta da yadda za a yi da ita aikin haɗin gwiwa ne. Wannan hukuma tana nan har yau. Abin lura a nan shi ne zaɓaɓɓun kansiloli ne ke zaune a kujerun, watau mutumin unguwa yana da wanda zai kama da hannu.

Na san abin da za a ce. Za a ce ciyamomi ba sa shiri da juna, musamman in jam'iyya ta bambanta, kuma babu mai yarda kuɗinsa ya yi aiki a ƙasar wani. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a dogara da zumuncin mutum biyu ba. A rubuta yarjejeniya, majalisun biyu su amince da ita, Majalisar Dokokin Jiha ta ba ta ƙarfin doka, yadda in wa'adin ciyaman ya ƙare aikin ba zai tafi tare da shi ba. Wasu kuma za su ce a haɗe ƙananan hukumomin kawai a huta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin sunayen duka 774 suna cikin tsarin mulki, kuma mun ga yadda aka kwashe tsakanin Jihar Legas da gwamnatin Obasanjo bayan Legas ta ƙirƙiro sababbi 37 a 2003, har aka riƙe kuɗin ƙananan hukumominta. Taɓa iyaka fitina ce, yin aiki a kan iyaka kuwa ba ya bukatar gyaran tsarin mulki.

Kada kuma a fara da babban buri. Dutse da Kiyawa su kafa kwamiti guda na kansiloli da shugabannin sassan ayyuka da na lafiya, a ba Hukumar Raya Babban Birnin Dutse kujera, a ba wakilin masarauta kujera, tun da dukansu biyun a ƙarƙashin Masarautar Dutse suke, kuma hakimai da dagatai su ne suka san filaye. Aikin farko shi ne a ware wurin zubar da shara guda nesa da gidaje da rijiyoyi, tun kafin masu sayen fili su mamaye wurin, a sayi motocin kwasa da kuɗin haɗin gwiwa, duba-gari na ɓangarorin biyu su riƙa zagaye tare ranar kasuwa. Na biyu a zana hanyoyin ruwa da layukan unguwannin da ke tsirowa tsakanin Dutse da Shuwarin tun ba a gina gidaje a kansu ba, gama rushe gida da biyan diyya ya fi kafa turaku tsada nesa ba kusa ba. Duk wata uku a liƙa lissafin abin da kowace hukuma ta zuba da abin da aka kashe a allon sanarwa na sakatariyoyin biyu, da Hausa. In wannan ya yi shekara biyu yana tafiya, sai a gayyato Birnin Kudu da Jahun a kan maganar tashoshin mota da ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti.

Ku 'yan'uwana da za ku karɓi takardar kammala karatu bana ko baɗi, da yawanmu a irin waɗannan ofisoshi za mu sami kanmu, wani a sashen ayyuka, wani a baitulmali, wani a ofishin filaye. Ciyaman ne ke sa hannu, amma ƙaramin ma'aikaci ne ke rubuta takardar da ake kai masa. Wanda aka tura Kiyawa ya nemi lambar wayar takwaransa na Dutse tun makon farko, su zauna su shimfiɗa taswirorin hukumomin biyu a kan tebur guda, su duba ko layukan iyakar ma sun dace da juna.