Ba Ɗan Ruwa Ba Ne, Ɗanmu Ne

Duk wanda ya tashi a Kwaja, garin nan da ke cikin duwatsun Mubi ta Kudu dab da iyakar Kamaru, ko a wani gari mai kama da shi, ya san irin yaron da za mu yi magana a kansa. Shi ne wanda ya shekara uku ko huɗu bai ce "Inna" ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, har a zaci kurma ne, amma da an tada injin niƙa a bayan gida sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kururuwa. Ba ya nuna abu da yatsa, ba ya son haɗa ido da mutum, ba ya shiga wasan ƙasa da tsaransa. Sai ka same shi a gindin rumbu ya jera tsakuwa ko marafan kwalba a layi ɗaya, in wani ya kuskura ya gusar da guda, to ranar gidan ba zaman lafiya. Mun san shi, domin wasunmu ƙaninmu ne, wasunmu ɗan maƙwabcinmu ne. Abin da ba mu sani ba shi ne sunan abin da ke tare da shi, kuma a kan wannan ne muke son tada ƙura a wannan fitowa, ko da kuwa ƙurar za ta sauka a kan rigunanmu mu 'yan sashen Hausa.

Ba wai ba a kiransa da kome ba ne. Sunaye kam har sun yi masa yawa. Wani ya ce bebe, wani ya ce dolo, wani gaula, wani taɓaɓɓe, wani mai iska, tsofaffi kuma su sassauta murya su ce ɗan ruwa ne, wato aljannu sun ɗauke na gaske sun ajiye nasu. Masu iya magana kan ce suna linzami, kuma a nan maganar ta tabbata, domin kowane suna da hanyar da yake jan iyaye. In an ce bebe, sai a ƙyale shi, ai haka Allah ya yi shi. In an ce mai iska, sai a shiga yawon neman magani, a sayar da akuya, a sayar da buhun gyaɗa, a turara masa hayaƙi har idanunsa su kaɗa. In an ce taɓaɓɓe, sai igiya ko mari. In kuwa aka ce ɗan ruwa, to an riga an cire shi daga cikin 'ya'yan Adam, kuma kowa ya san labaran da akan bayar na kai irin waɗannan yara bakin rafi. Babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan da ke jan uwa zuwa wurin da za a koya mata yadda za ta yi magana da ɗanta.

Alhali kuwa abin ba sabo ba ne ga masana. Tun shekarar 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana halayen yara 11 da ya lura da su, aka sa wa yanayin suna otizim. A 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya zaga ƙasashen Afirka har da Nijeriya, ya kuma sami yara masu wannan yanayi, saboda haka zancen cewa ciwon Turawa ne ya daɗe da faɗuwa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 ya nuna kusan yaro 1 cikin 100 ne. A Amurka, inda ake bincike sosai, rahoton 2025 ya ce 1 cikin 31. Ya fi bayyana ga maza. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado na da babban hannu a ciki, kuma hawa-hawa ne: akwai wanda zai yi karatu har jami'a, akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi iyakar rayuwarsa. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba laifin uwa ba ne, ko da yake su ma Turawa sun yi shekaru suna ɗora wa iyaye mata laifin kafin su gane kuskurensu. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Rubutun da ya haifar da wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Mu da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna na 2003 ya jawo wa Arewa bai kamata a sake sayar mana da irin wannan haja ba.

To, a ce uwa a Kwaja ta ji wannan bayani, ta yarda, ta ɗaura zane ta ce za ta nema wa ɗanta taimako. Ina za ta nufa? Za ta hau babur ta sauko Mubi da yaron da ba ya jure ƙara ko cunkoso. In ta yi sa'a ta haɗu da ma'aikacin da ya san abin, zai ce a fara gwada jinsa, a kuma duba ko yana da farfaɗiya, domin takan zo tare da wannan yanayi. Daga nan sai takardar turawa gaba: ko Yola, tafiyar sa'o'i, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. Makarantar masu buƙata ta musamman da aka fi sani a jihar tana Jada, can kudu da Yola, kuma da kurame da makafi aka san ta. Cibiyoyin da suka ƙware a kan otizim kuwa, irin su Patrick Speech and Languages Centre da aka buɗe a 2006, a Legas suke, wasu a Abuja, da Turanci suke aiki, da kuɗin da manomin dawa ba ya gani a shekara. Bankin GTBank ya daɗe yana shirya taron shekara-shekara a kan lamarin. Madalla da su, ba su yi laifi ba. Sai dai ruwan da ya sauka a Ikko ba ya jiƙa gona a Kwaja.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin ilimi na musamman. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, aka kafa musu hukuma a 2020. A Janairu 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Kowace ranar 2 ga Afrilu, tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta a ƙarshen 2007, akan sa riguna masu launi ɗaya a yi tattaki a manyan birane, a ɗauki hoto, a watse. A irin wannan rana ce a 2025 aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a Abuja, matashi mai otizim da ya shiga kundin Guinness da zane mafi girma. Mun yi murna da shi ƙwarai. Amma muna tsoron kada a koya wa jama'a cewa sai yaro ya nuna abin al'ajabi sannan ya cancanci kulawa. Yawancinsu ba za su shiga kundin kowa ba, burin iyayensu bai wuce yaro ya iya cewa yana jin ƙishirwa ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce Mubi da 'yan ta'adda suka mamaye a ƙarshen Oktoba 2014, mutane suka tsere ta kan duwatsu zuwa Kamaru, Mubi da ta binne masallata a Nuwamba 2017 da Mayu 2018, wadda har yau take fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar taki, ina ta ga sukunin zancen yaron da ba ya magana? Ana ta kai wa yake ta kaya? Amsarmu ita ce yaron nan ba kaya ba ne, kai ne. Ku tambayi kanku, ranar gudu, wa ya fi shiga haɗari in ba yaron da ba ya amsa kira ba, wanda in ya ɓace ba zai iya faɗin sunan ubansa ba? Ko a zaman lafiya, irin waɗannan yara kan sulale daga gida ba tare da sanin kowa ba, kuma da yawansu ruwa na jan hankalinsu, ga rijiyoyi a buɗe, ga rafuka da damina. Za a kuma ce muna yaƙi da addu'a. Ko kusa. Addu'a ba ta taɓa hana neman sani ba, kuma limamai da fastoci su ne mutanen farko da iyaye ke kai wa kuka, don haka su ya fi kamata a fara ilmantarwa. Abin da muke yaƙi da shi bulala ce da sarƙa. Wanda ya manta abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a Satumba 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, ya tuna.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, babu ƙwaya ko allura da ke warkar da otizim, kuma duk wanda ya ce yana da ita a kwalba, aljihunka yake nema. Magani sai na abubuwan da ke rakiyarsa, kamar farfaɗiya. Abin da ke taimako shi ne koyarwa, da wuri, kullum, a cikin gida. Wannan kuwa ba ya buƙatar bene ko na'ura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2022 na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama 9 a rukuni, da ziyara 3 zuwa gida. An tsara shi ne yadda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa bayan ya sami horo, an kuma gwada shi a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Abin da ake koya wa uwa ba ya wuce ta durƙusa daidai tsayin ɗanta, ta bi wasan da shi ya zaɓa, ta taƙaita kalmominta, ta riƙe kofin ruwa ta ɗan jira ya miƙa hannu ko ya yi alama kafin ta ba shi, ta mai da wanka da cin tuwo su zama darasi, ta gane abin da ke tada masa hankali tun kafin kuka ya ɓarke. Ana kuma koya mata ta kula da kanta, domin macen da ta shekara biyar ba ta je biki ba, ba ta je kasuwa ba, kishiya na habaici, dangin miji na zunɗe, ita ma tana buƙatar mai sauraronta. Sau da yawa babban abin da mata ke samu a irin wannan zama shi ne ganin wata mai irin ɗansu.

A nan ne maganar ta dawo ƙofar ɗakinmu. Duk wannan ilimi yana nan a rubuce, amma yawancinsa cikin Turanci. Wa ya kamata ya sauko da shi? Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin digiri a kan habaici da zambo da kirarin sarakuna, a ɗaure da baƙin bango a jera a kanta, gara ta yi karatun. Ba mu raina adabi, shi ne abincinmu. Amma sashen da ke tinƙaho da darasin fassara da ƙirƙirar kalmomi, a ce ya bar 'yan jarida su kaɗai suna kokawa da sunan wannan yanayi? Kalmar galahanga da ake ji a rediyo ta yi ƙoƙari, sai dai an mai da ita buhun da ake zuba kome: yau a kira mai otizim da ita, gobe yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa har gaɓoɓinsa suka sandare, jibi wanda aka haifa da tawayar halitta ta daban. Bukatunsu ba ɗaya ba ne. Ko dai mu tsayar da galahanga a kan abu guda, ko mu karɓi otizim mu ba ta rigar Hausa kamar yadda muka yi wa asibiti da likita, ko mu ƙirƙiro wata wadda ba ta da ɗacin zagi. Mu dai mun fi karkata ga aron kalmar, domin ba ta zo da tsohon tabo ba, amma a zauna a yi gardamar a zauren sashe, da likitoci da iyayen yaran a wurin.

Ga misali ɗaya na irin aikin. Akwai wata takardar tantancewa da ake kira M-CHAT-R, mai tambayoyi 20 na i ko a'a, da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ba ita ke yanke hukunci ba, tana dai nuna wanda ya kamata a duba. Ɗaya daga cikin tambayoyin, a kan ƙarar da ke razana yaro, ta kawo misali da na'urar tsotse ƙurar ɗaki. Wace uwa a Kwaja ta taɓa ganin wannan? Sai wanda ya san gari zai mai da ita injin niƙa ko salansar babur. Wannan aikin masanin harshe da al'ada ne, da izinin masu takardar da sa idon likita, ba aikin ɗan kwangila ba. Kuma kada mu yi girman kai: Kwaja ƙasar Gude ce, Fulatanci ma na da ƙarfi a yankin, Hausa harshen kasuwa da haɗuwa ce. In tsohuwa ba ta gane ba sai da Gude, to a nemo ɗalibi ɗan Gude, ai suna cikinmu a aji.

Mubi ba garin jahilai ba ne. Tana da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an kuma daɗe ana horar da ma'aikatan lafiya a cikinta, waɗanda su ne ke zama a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, su ke auna nauyin jarirai ranar rigakafi. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sassan ilimi na musamman da za a iya neman gudummawarsu. Ga gidajen rediyo irin su Gotel da Fombina a Yola. Abin da muke nema daga shugabannin sashenmu ba ya da yawa: a ware ɗalibai uku ko huɗu na ajin ƙarshe a bana, a ba su wannan a matsayin kundinsu, su tattara sunayen da jama'a ke kiran yaran nan da su, su fassara tambayoyin nan 20, su kuma rubuta shirin rediyo na minti goma-goma a kan darussan iyaye. Su hau Kwaja su karanta wa mata abin da suka rubuta, duk jimlar da aka ce "me ke nan?" su dawo su sake ta. Editan wannan mujalla kuma ya bar mana shafi huɗu a fitowa ta gaba, mu buga abin da suka kawo.