Filin Samari: Takalmin Gudu Marar Kauri

A shekarar 1960, a birnin Roma, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci tseren kilomita 42 ba takalmi. Samari sukan ji wannan su ce, "Ashe gara takalmi marar kauri." Yi hankali, ɗan'uwa. Ƙafar Bikila ta riga ta saba da ƙasa. A 1964 ma ya sake ci a Tokyo, sanye da takalmi.

Takalmi marar kauri ba shi da nauyi, amma yakan bar wa agara da tafin ƙafa yawancin aikin. Wanda ya saya yau ya shiga dogon tsere gobe, ƙashin ƙafarsa yana iya tsagewa.

In hanyar ta haɗa kwalta da tsakuwa da laka, nemi mai haƙora a ƙasa saboda santsi, wanda tsinin dutse ba zai huda ba. Gwada shi da yamma, gama ƙafa takan kumbura. Bar wa yatsu wuri. Fara da gajeren gudu, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har watanni. Kada ka sa sabo ran tsere.

Sannu ba ta hana zuwa.