Mutum-mutumin Adalci Da Hakkin Mutanen Dutse Uku

A saman ƙubbar babbar kotun manyan laifuffuka ta birnin Landan, watau Old Bailey, akwai mutum-mutumin wata mace riƙe da takobi a hannun dama, sikeli kuma a hagu. F.W. Pomeroy ne ya ƙera ta da tagulla, aka shafe ta da ruwan zinariya. Sarki Edward na 7 ya buɗe ginin cikin 1907, a filin tsohon kurkukun Newgate.

Asalin siffar daga Rumawa ne, su ke kiranta Justitia. Sikelin yana nufin a auna hujjar kowane ɓangare, takobin kuwa zartad da hukunci. Ƙyallen rufe ido, irin wanda aka yi wa ta birnin Bern na Suwizalan cikin 1543, daga baya ya zo. Ta Landan idonta buɗe yake. Wannan alama ta biyo shari'ar Ingila zuwa Nijeriya, har ta zama tambarin kotuna da lauyoyi.

To, in aka zo Dutse Uku ta Jos, wanne cikin kayan nan biyu aka ga aikinsa? A wannan shiyya ce rikicin Janairun 2010 ya tashi, bisa gardamar sake gina wani gida da aka lalata a tarzomar Nuwamban 2008. Cikin watan wutar ta kai Kuru Karama, cikin Maris kuma Dogo Nahawa. Musulmi da Kirista duka sun binne 'yan'uwansu masu yawan gaske.

Sikeli kam an ɗaga shi ba sau ɗaya ba. Hukumar Mai Shari'a Fiberesima ta binciki rikicin 1994, ta Mai Shari'a Niki Tobi ta binciki na 2001, ta Bola Ajibola kuma na 2008. Duk sun saurari shaidu, sun miƙa rahoto. Takobin ne ya daɗe cikin kube, gama kaɗan aka hukunta, yawancin shawarwarin kuma ba a aikata su ba.

Sakamakon ga shi a fili: unguwannin Jos da dama sun rabu bisa addini, maƙwabtan jiya sun sayar da gidajensu sun ƙaura. Ya kamata Gwamnatin Jihar Filato ta kakkaɓe rahotannin nan, ta biya waɗanda suka yi hasara diyya, ta kuma gurfanad da masu laifi gaban alƙali, ko su wane ne.